Tiyar waken Cadakori da shawarar ƙasashe

Ina gaida malamai da ɗalibai na azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata. Ina gaida waɗanda suka taru gindin rediyo a Cadakori, da Gidan Runji, da Tibiri, da Agye, da Gazawa, da Caduwa.

Yau hirarmu a kan ciniki tsakanin ƙasashe take. Na san wani zai ce: Malam, ai wannan zancen manya ne, masu shiga jirgin sama su tafi taro. Ina ruwan mai tiya goma ta wake da shi? To, ku ba ni aron hankalinku kaɗan. Waken nan da ka kai kasuwar Cadakori, ba a Cadakori za a cinye shi duka ba. Ɗan kasuwa zai tara shi buhu-buhu, ya kai Maraɗi. Daga Maraɗi mota ta bi ta Ɗan Isa, ta shiga Jibiya, ta wuce Katsina, har kasuwar Dawanau ta Kano. In hanyar nan a buɗe take, mai saye yana da yawa, tiyarka ta yi daraja. In an rufe ta, wake ya taru ba mai ɗauka, kuɗinsa ya faɗi. Wa ke buɗe hanya, wa ke rufe ta? Gwamnatoci ne. Kun ga ashe zancen manya ya shigo cikin rumbunka.

Bari mu fara da zaman ƙasarmu. Nijar ba ta da teku. Ƙasashe 7 ne suka kewaye mu: Najeriya, Benin, Burkina Faso, Mali, Aljeriya, Libiya da Cadi. Yawancin kayan da duniya ke saye da sayarwa jirgin ruwa ne ke ɗaukarsu, don shi ya fi araha. Mu kuwa ba mu da inda jirgin ruwa zai tsaya. Misalinmu kamar gida ne da ke tsakiyar unguwa, wanda ba shi da ƙofa a bakin hanya. In maigidan zai fita, sai ya bi ta zauren maƙwabci. In ya sayo kaya, ta zauren maƙwabci zai shigo da su. Irin wannan maigida, zaman lafiya da maƙwabta ya zame masa dole kamar ci da sha.

Zauren da ya fi kusa da mu, mu mutanen jihar Maraɗi, shi ne Najeriya. Iyakarmu da ita ta kai wajen kilomita 1500. Ba kakanninmu suka shata ta ba. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zauna a ƙasashensu, a 1898, da 1904, da 1906, suka ja layi bisa takarda. Layin ya ratsa tsakanin Maraɗi da Katsina, alhali Katsinawa ne nan, Katsinawa ne can. Ya ratsa tsakanin Tibiri da Sabon Birni, alhali duka Gobir ce. Shi ya sa har yau da wuya ka sami gida a wajenmu wanda ba shi da dangi a ƙetaren iyaka.

Tsofaffinmu sun san zamanin gujiya, wadda mutanen Kano ke kira gyaɗa. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Daga nan Turawa suka ga gujiyar ƙasar Hausa za ta iya kai bakin teku da sauƙi. Kamfanonin Faransa suka buɗe kantuna a Maraɗi, suna sayen gujiya da kaka. Ana kai ta Kano, jirgi ya ɗauke ta zuwa Ikko, jirgin ruwa ya kai ta Faransa a matse mai. A shekarun 1950 aka buɗe mata wata hanya ta biyu, ta Gaya da Paraku zuwa Kwatano. Bayan mun sami ƴancin kai, gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen gujiya da fitar da ita. A shekarun 1960 gujiya ce ke kawo wa Nijar fiye da rabin kuɗin da take samu daga sayar da kaya waje. Da kuɗinta aka biya haraji, aka yi aure, aka sayi keke da rediyo. Da yawa cikin alhazan Maraɗi a nan suka kafa ƙafa.

Amma ku lura da abu ɗaya. Ba a Maraɗi ake yanke farashin gujiya ba. A Turai ake yanke shi. Da Faransa ta daina sayenta da farashin gata a ƙarshen shekarun 1960, manomi ya ji a jikinsa. Sai ga farin 1973, sai ga cutar da ta kama gujiya a 1975. Cikin ƴan shekaru kaɗan ciniki ya mutu. Mun dogara ga kaya iri ɗaya da mai saye ɗaya, ranar da suka kuɓuce sai muka tsaya hannu wofi.

A cikin waɗannan shekaru ne shugabanni suka fara neman shirin zama tare. A 1971 Nijar da Najeriya suka kafa hukumar haɗin gwiwa tsakaninsu, ofishinta yana Yamai. Ranar 28 ga Mayu 1975, a birnin Ikko, ƙasashe 15 na Afirka ta Yamma suka kafa ƙungiyar CEDEAO. A 1979 ƙungiyar ta yarda cewa ɗan kowace ƙasa cikinta yana iya shiga wata ƙasar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Wannan takarda ta amfani ƴan ci-rani ƙwarai, masu tafiya Kano, da Ikko, da Abijan, da Akara bayan an gama girbi.

Hukumar nan ta Nijar da Najeriya ta taɓa wani abu da ya shafe mu kai tsaye, wato ruwa. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake fitowa. Ya shigo ta wajen Madarunfa, ya wuce Maraɗi, da Tibiri, da Gidan Runji, sa'an nan ya sake komawa Najeriya. Wajen 1990 aka gina madatsar ruwa a Jibiya, a kan wannan gulbi. Wanda ke sama in ya tare ruwa, na ƙasa ne ke ganin fadamarsa ta bushe. Saboda haka a watan Yuli 1990, a Maiduguri, ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar raba ruwan da suka haɗa, har da na Gulbin Maraɗi. Masu lambu a bakin gulbi, ku ne za ku faɗi ko ana cika wannan alkawari yadda ya kamata. Abin da nike so ku riƙe shi ne, takardar tana nan, kuma wanda ke da takarda yana da bakin magana.

To, amma takarda ba ta hana maƙwabci rufe zaurensa in ya ga dama. Sau uku cikin shekara arba'in aka rufe mana wannan iyaka, kowane karo da dalilinsa.

Na farko, a watan Afrilu 1984. Gwamnatin soja ta Janar Buhari ta canja takardun naira, ta rufe iyakokin ƙasa don kada tsofaffin kuɗi su shigo. Sai abin ya zo daidai da fari. Damina ba ta yi ba, kuma masara da garin rogo da muka saba sayowa daga kudu suka daina shigowa a fili. Yunwar nan har suna aka raɗa mata a ƙauyuka, ana ce mata El-Buhari. Ba a buɗe iyaka ba sai a watan Maris 1986.

Na biyu, a watan Agusta 2019. A nan sai mu faɗi gaskiya, ko da ba ta da daɗi. Najeriya tana son manomanta su noma shinkafar da za ta ci, sai ta hana shigo da ta waje ta kan iyakar ƙasa. Amma shinkafar Indiya da ta Tailan tana sauka Kwatano, a kawo ta Maraɗi da takardar wucewa, a sauke a manyan ɗakunan ajiya, daga baya ta sulale cikin Najeriya ta hanyoyin daji, bisa babura da ƙananan motoci. Wasu ƴan kasuwa sun yi kuɗi da wannan. Najeriya ta fusata, ta rufe. Wa ya sha wuya? Mai wake, da mai rago, da mai barkono, waɗanda ba su taɓa ɗaukar ko buhu ɗaya na shinkafar sumoga ba. A watan Disamba 2020 aka buɗe wasu ƙofofi, kamar ta Illela da ta Maigatari. Tamu ta Jibiya kuwa sai a watan Afrilu 2022 aka ba da izinin buɗe ta.

Na uku kuwa kowa ya gan shi da idonsa. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Bayan kwana huɗu CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyakar Najeriya da ta Benin, aka tsai da hulɗar kuɗi, aka yanke wutar lantarki. A lokacin, wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Najeriya take zuwa. Mutanen Gazawa sun san manyan turakun nan da suka taso daga Katsina. Su ne ke kawo wutar da ake rarraba wa Maraɗi da Damagaram. Da aka yanke, mai injin niƙa ya tsaya, mai walda ya tsaya, mai sayar da ƙanƙara ya tsaya. Daruruwan manyan motoci suka yi layi a Malanbil, ɗauke da abinci da magani. Shinkafa da mai da sukari suka hau. A ƙetare ma ba a ji daɗi ba. Kasuwar Jibiya da ta Mai'aduwa da ta Illela sun yi sanyi, direbobi da ƴan dako sun rasa na cefane. Ni a ganina, takunkumi irin wannan sanda ce da aka ɗaga don manya, amma a bayan talaka take sauka, na nan da na can. CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024. A watan Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata gefen, Nijar ma ta buɗe nata.

Wannan rikici ya canja zaman yankinmu. A watan Satumba 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wanda ake kira AES. A watan Janairu 2024 suka ba da sanarwar fita daga CEDEAO, fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Ɓangarorin biyu kowa ya ce zai bar mutane su ci gaba da shiga da fita ba tare da biza ba. Wannan labari ne mai daɗi ga ƴan ci-rani, amma duk mai tafiya ya riƙe katin shaidarsa a jiki, kuma ya tambayi hukuma kafin ya tashi, don dokoki irin waɗannan suna canjawa. A watan Maris 2025 ƙasashen AES suka sa wani ɗan haraji na rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga waje. Ku ɗauki alli mu yi lissafi. Kayan jika 100, wato sefa 100.000, harajinsu sefa 500 ne, dala ɗari ke nan.

Akwai wani zaure da ya daɗe a rufe, shi ne na Benin. Bayan an ɗage takunkumi, gwamnatin Nijar ta bar gadar Gaya a rufe a 2024 da 2025, ta ce saboda tsaro ne. Kayan da a da ke sauka Kwatano sai suka koma tashar Lome ta ƙasar Togo. Daga Lome su ratsa Burkina Faso, su shigo ta Tera, cikin ayari da rakiyar soja, saboda ƴan bindiga. Hanyar ta fi tsawo, motoci suna yin makonni suna jiran ayari ya cika. Kowace rana da direba ya kwana a hanya kuɗi ne, kuma a kan sabulu da shinkafa da tayar babur ake ɗora kuɗin. Mai saye a kantin Cadakori shi ke biya a ƙarshe.

Abin mamaki, a lokacin da mota ba ta ƙetare gadar Gaya, man Nijar yana bi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa Benin ɗin. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2000, daga rijiyoyin Agadem zuwa bakin teku a Seme. Jirgin ruwa na farko ya ɗauki mai a watan Mayu 2024. An yi ta ja-in-ja tsakanin ƙasashen biyu, har aka tsai da turawa na ɗan lokaci, daga baya aka ci gaba. Dalili a fili yake. Nijar tana son kuɗin manta, Benin tana son kuɗin wucewa, Sin tana son ta mai da abin da ta zuba. Inda kowa ke da rabo, ko an yi faɗa ana komawa a zauna.

Wannan shi ake kira zuba jari. Wani mai kuɗi, ko kamfani, ko wata ƙasa, ya kawo dukiyarsa ya gina abu a wajenka, don ya ci riba, kai ma ka samu. Ba kyauta ba ce, kada wani ya ruɗe ku. Kamar mai shanun huɗa ne da mai gona: sai an yi magana tun farko a kan yadda za a raba amfani. Matatar mai ta SORAZ da ke kusa da Damagaram haka aka yi ta. An buɗe ta a 2011, tana iya tace ganga 20.000 a yini. Kamfanin Sin yana da kashi 60, gwamnatin Nijar tana da kashi 40. Shekara da shekaru mutanenmu sun fi sayen man kwalba na bakin hanya, wanda ake ɗaukowa daga Najeriya, don ya fi araha. Me ya sa ya fi araha? Gwamnatin Najeriya ce ke cika kuɗin. Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaba Tinubu ya ce an daina. Nan da nan man kwalba ya yi tsada a Maraɗi, masu babura suka koma gidajen mai suna layi. Magana ɗaya aka yi a Abuja, ɗan kabu-kabun Gidan Runji ya ji ta a aljihunsa.

Tun da mun taɓo aljihu, bari mu yi zancen canji. Mu sefa muke kashewa, maƙwabtanmu naira. Sefa ɗaure take da kuɗin Turai: yuro 1 daidai yake da sefa 656, in an cike ɗan abin da ya rage. A watan Janairu 1994 an taɓa karya darajar sefa da rabi. Kafin ranar, faran 1 na Faransa dala 10 ne, da gari ya waye ya zama dala 20. Magani da kayan kanti suka yi tsada, amma dabbobinmu da albasarmu suka yi kasuwa a waje, don sun yi wa baƙi araha. Ita kuwa naira tana hawa tana sauka, kuma ta faɗi ƙwarai a 2023 da 2024. Ga misali, ba farashin yau ba ne, don lissafi kawai. A ce jika 1 tana daidai da naira 1000. Ragonka na jika 50, Bakano zai kawo naira 50.000 ya ɗauka. In naira ta faɗi, jika 1 ta koma naira 2000, rago ɗaya ɗin nan sai ya kawo naira 100.000. Zai iya? Sai ya ce ka rage, ko ya fasa. Amma a ranar nan, in kai ne ka shiga Jibiya da sefarka, robobi da atamfa da taki za su yi maka araha. Faɗuwar naira daɗi ce ga mai saye, wuya ce ga mai sayarwa. Mu kuwa manoma da makiyaya, masu sayarwa ne kafin mu zama masu saye.

Kada ku ɗauka iyakar cinikinmu Kano ce. Ayar da ake nomawa a Agye da Caduwa da Gazawa tana kai wa har ƙasar Sifaniya. A can, a yankin Balensiya, suna yin wani farin abin sha da ita, ɗan'uwan kunun ayarmu. Riɗinmu yana shiga jirgin ruwa, ƙasar Sin tana cikin manyan masu sayensa. Fatar jar akuyar Maraɗi tun zamanin ayarin raƙuma take ƙetare Sahara, Turawa suna yin jaka da takalmi da bangon littafi da ita. Haka kuma wahalar nesa tana iso mu. Da yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukiren a watan Fabrairu 2022, alkama da takin zamani suka yi tsada a duniya duka, don ƙasashen nan biyu manyan masu sayar da alkama ne, Rasha kuma babbar mai sayar da taki ce. Manomin aya ya san abin da buhun taki ya koma a wannan shekara, ga shi aya ba ta yi sai da taki.

Ciniki ba ya tafiya inda babu tsaro. Mutanen Cadakori ba sai an ba ku labari ba. Tun 2019 dubban mutane suka gudo daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga. Hukuma, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira, ta zaunar da wasunsu nesa da iyaka, a Cadakori, da Garin Kaka, da Ɗan Daji Makau. Kun karɓe su, kun raba rijiya da kasuwa da su, Allah shi saka da alheri. Ɓarawon shanu yana sata a nan ya sayar a can, ko ya sata a can ya ɓoye a nan. Soja ɗaya ba ya iya binsa, don iyaka tana tsai da soja, ba ta tsai da ɓarawo. Don haka ne a watan Satumba 2019 gwamnan Maraɗi da gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara suka zauna a Maraɗi, suka yi alkawarin aiki tare. Duk ranar da manyan biranen biyu suka yi fushi da juna, irin wannan aiki ne ke fara raunana, ɓarawo kuwa ya sami sarari.

Akwai manyan shirye-shirye guda biyu da ya kamata ku sani. Ɗaya shi ne kasuwar bai ɗaya ta Afirka. An sa hannu a kanta a Kigali a watan Maris 2018, aka ƙaddamar da ita a nan Yamai ranar 7 ga Yuli 2019, aka ce ciniki a ƙarƙashinta ya fara ranar 1 ga Janairu 2021. Nufinta a rage kuɗin duwan kaɗan-kaɗan a kan kayan da ƴan Afirka suka noma ko suka ƙera, in za su sayar wa juna. Niyya ce mai kyau. Amma direban da ya ɗauki albasa daga Galmi zuwa Akara zai gaya muku cewa ba kuɗin duwan na gaskiya ne kaɗai ke cin ribarsa ba. Shingayen hanya ne, wannan ya tsai da kai, wancan ya tsai da kai, kowa da abin da zai karɓa ba rasit, albasa kuwa tana ruɓewa cikin rana. In ba a gyara wannan ba, takardar Kigali ba za ta iso ƙauye ba.

Na biyu shi ne hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi. An aza harsashinta a watan Fabrairu 2021. Tsawonta kilomita 284, ta Kazaure, da Daura, da Katsina, da Jibiya. Najeriya ce ta ɗauki nauyin aikin, kuɗinsa kusan dalar Amurka biliyan 2, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba ginin. Wasu ƴan Najeriya sun yi gunaguni, suna cewa don me za a kai jirgi wata ƙasa da kuɗinsu. Amsar da gwamnatinsu ta bayar ita ce, tana son kayan Nijar su riƙa bi ta tashar Ikko maimakon Kwatano da Lome. Kun ga ita ma riba take nema, kuma ba laifi ba ne. Mu ma ribarmu ita ce mu sami zaure fiye da ɗaya, in wannan ya rufe mu bi ta wancan.

Tambayar da nike so ku tattauna a azuzuwanku ita ce: me za mu ɗora wa jirgin? Jirgi yana zuwa da kaya, yana komawa da kaya. Zai kawo siminti da taki da robobi da taliya cikin araha. In abin da za mu ɗora masa shi ne ɗanyen wake da ɗanyen riɗi da ɗanyar fata, a lokacin kaka da kowa ke sayarwa, to mun koma zamanin gujiya, sai dai sauri ya ƙaru. Buhun gujiya da kuɗinsa, amma man da ƙuli-ƙulin da matan Tibiri ke fitarwa daga buhun nan sun fi shi kuɗi. Aya da aka tsince, aka wanke, aka ware manya da ƙanana, ba farashinta ɗaya da wadda ke haɗe da tsakuwa ba. Kuma mai sayen kaya daga waje ba ya ciniki da mai tiya goma. Yana neman wanda zai cika masa mota, kaya iri ɗaya, awo na gaskiya, a ranar da aka yi alkawari. Mutum ɗaya ba ya iya wannan. Ƙungiyar manoma mai ɗakin ajiya da sikeli da littafin lissafi tana iyawa.

Wani zai tambaya: to in waje na saye da tsada, mu sayar da hatsinmu duka? A'a. Ku tuna 2005. Fari da fara sun ɓata daminar 2004, an kwashe hatsi da kaka cikin araha, da bazara ta yi farashi ya ninka, kuma wasu ƙasashe maƙwabta suka hana nasu fita. Jihar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa, ita ce ta cika asibitoci da yara masu tamowa. A watan Oktoba 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi da dawa da masara da shinkafa zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso, don abinci ya wadata a gida. Irin wannan doka tana sanyaya wa mai saye a birni, tana kuma rage wa manomi abin da zai samu. Riƙe ma'auni tsakanin biyun nan shi ne aiki mai wuya na hukuma. Kai kuma maigida naka ma'aunin yana hannunka: ka ƙidaya bakunan gidanka, ka ware damman da za su kai ku sabon hatsi, abin da ya ragu shi ne na kasuwa.

Ga aikin da za ku yi kafin mu sake haɗuwa. Kowane aji ya zaɓi mutum biyu, namiji da mace. Ranar kasuwa su tambayi kuɗin tiyar hatsi, da ta wake, da ta aya, su kuma tambayi ƴan canji naira nawa ake ba da jika 1. A rubuta a littafi, da kwanan wata. A yi haka kasuwa huɗu a jere, malaminku ya aiko mana. Za mu karanta na Cadakori, da na Gazawa, da na Agye a wannan fili, mu gwada su da na Jibiya, mu ga inda bambanci yake da wanda ke cinsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi hira kan ajiyar amfanin gona a ɗakin ƙungiya, da yadda ake karɓar bashi a kansa ba tare da an sayar da kaka ba. Sai mun ji daga gare ku. A kwana lafiya.